Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan injin koyar da tafiya

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin rubuta cewa mahaifinki ya samu shanyewar ɓarin jiki, yana takawa da sanda amma yana jan ƙafar hagu, kuma an ba ku shawara ku sayar da fili ku kai shi ƙasar waje a ɗora shi a kan injin da ke koyar da tafiya. Tambayarki ta taɓa ni ƙwarai, domin ciwon da ya same shi ni ma ya same ni. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ce.

Don Allah kada ku sayar da komai sai masanin fisiyo, wato ma'aikacin lafiya mai gyara motsin jiki ta hanyar atisaye, ya tsaya ya kalli tafiyarsa da kyau, ya auna ta. Ni abin da ban samu ba ke nan a wani asibitin kuɗi da aka kai ni. Sun karɓi kuɗin zuwa da yawa tun farko, suka ɗora ni a kan injin tafiya mai bel ba tare da igiyar da ke riƙe jiki daga sama ba, kuma babu wanda ya lura cewa yatsuna suna kartar ƙasa. Yaron da aka bar ni da shi ya ƙara wa injin gudu, ya koma kan wayarsa. Yatsun suka sarƙe, na faɗi a kan kafaɗar da ta riga ta shanye, matata tana kallo tana salati, ni kuwa na kasa ko da juyawa. Abin da ya fi faɗuwar ciwo shi ne da mai wurin ya fito ya ce a gabanta wai ni ne ba na ƙoƙari. Bai ba da haƙuri ba, bai mayar da ko sisi ba, kuma tsoron da ya shiga zuciyata ya sa na daɗe ina ƙin miƙewa ko a cikin ɗakina. Har yau kafaɗar tana tashina da dare.

Wadda ta taimake ni daga baya wata ma'aikaciyar fisiyo ce a asibitin gwamnati. Ta auna mita 10 a baranda, ta duba daƙiƙoƙin da na ɗauka, sannan ta ɗauki bidiyona da waya ta gefe da ta baya, muka kalla a hankali. A nan na ga tafin ƙafata yana lanƙwashewa ƙasa, ina kewaya ƙafar ta gefe don kada ta taɓa ƙasa, gwiwata kuma tana karyewa baya duk lokacin da na taka. Ta ce wanda gudunsa bai kai mita 0.4 a daƙiƙa ba tafiyarsa ta cikin gida ce, wanda ya haura 0.8 kuwa yana iya fita unguwa. Ta sa aka yi mini madogarin roba mai riƙe idon sawu, wanda ake sanyawa cikin takalmi. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana da sashen da ke ƙera irinsa. Akwai kuma 'yar na'urar da ake ɗaurawa ƙasan gwiwa, tana motsa jijiya da lantarki don ƙafar ta ɗago, ku tambaya ko za ta dace da shi.

Ba kushe injin nake yi ba. Irin su Lokomat na kamfanin Hocoma da ke Suwizalan suna riƙe mutum su riƙa motsa masa ƙafafu, kuma sun fi amfanar wanda bai fara takawa ba, a watanni uku na farko, idan an haɗa da fisiyo. Baba ya riga ya fara takawa. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2011 kan mutum 408, waɗanda aka horar a kan bel da igiyar riƙe jiki ba su fi waɗanda masanin fisiyo ya riƙa bi gida ba, kuma kusan rabin kowane rukuni ya samu ci gaba.

Kada ya fasa shan maganin hawan jini ko da ya ji sauƙi, kada kuma masu taimakonsa su riƙa jan shi ta hannun da ya shanye. Ku raba shi da silifa, ku saya masa takalmi mai rufe dunduniya, ku ɗauke tabarmi da butoci daga hanyarsa ta zuwa bayan gida. Duk inda kuka kai shi, wani daga cikinku ya tsaya a gefensa har a gama, kuma kada ku biya kuɗin zuwa da yawa a lokaci ɗaya.