Dalar Bajrawiya a cikin gem, da maganar ko mu 'yan Sudan har yanzu Hausawa ne

Salam ɗan uwa. Eh abin da ka gani a Civilization VI gaskiya ne, ba turawan da suka haɗa gem ɗin ne suka ƙirƙira ba, akwai dala a Sudan, kuma ma ta fi ta Masar yawa. Namu sun haura 200, na Masar ɗari da 'yan kai ne. Mafi yawansu suna wani waje da muke cewa Bajrawiya, turawa kuma su ce Meroe, kusan kilomita 200 arewa da Hartum, gaba da Shandi kaɗan in ka ɗauki hanyar Atbara, kana cikin mota ma zaka hangosu ta hannun dama a kan tudun yashi. Sai dai kar ka sa ran irin ta Giza, wadda tsayinta na asali ya kai mita 146. Namu ƙanana ne masu tsini, daga mita 6 zuwa 30, a jere kusa da juna, in ka taɓa ganin tsohon hoton dalar gyaɗa ta Kano toh kusan haka suke daga nesa, banda dai su da jan dutse aka yi.

Amma ni ba wannan ne ya sa na zauna nake maka wannan dogon rubutu ba, ɗaya maganar taka ce, da kace wai me ya haɗa Bahaushe da kabarin Fir'auna har ɗan ƙanwata yake cewa "ƙasarmu" in ya zaɓi Nuba, tsohuwar daular arewacin Sudan, a gem, kuma anya yaran nan da sauran Hausa a jikinsu kuwa. Na san ba da mugun nufi ka faɗa ba amma wallahi ta ɗan sosa ni, don irinta muke ji ta kowane ɓangare.

Bari na fara da gem ɗin tukuna. Ya fito 2016, sai a 2017 suka ƙara Nuba a ciki, shugabar kuma sarauniya Amanitore, wadda mutum ce ta gaske, ta yi mulki wajen zamanin Annabi Isa tare da sarki Natakamani, gine-ginensu suna nan a Naƙa'a har yau, ita ma tana da dalarta a Bajrawiya. A cikin wasan in ka ɗauke ta kana iya gina ƙaramar dala irin tamu a sahara ko a fadamar kogi, in ka manna ta da tsakiyar birninka sai ginin unguwanni ya riƙa sauri, sannan akwai dutsen Jabal Barkal na wajen Karima shi ma sun saka shi cikin abubuwan al'ajabi. Kai a wajenka wata ƙasa ce cikin ƙasashe da yawa da zaka iya zaɓa. Mu kuma ka sani tun muna yara duk katun ɗin da muka kalla a tashoshin larabawa in aka nuna dala toh Masar ce, babu tambaya. Yugi da abin wuyansa mai siffar dala a kife da ruhin fir'auna a ciki, Masar. Aladdin ya wuce a kan darduma mai sassaƙa ya shagala ya gutsure hancin Abul Haul, gunkin nan mai kan mutum da jikin zaki, Masar. Wancan katun na Gru da ƙananan halittu rawaya, farkonsa ma an sace dalar Giza an saka ta roba mai iska a wajen. Ka zo kan gem, Assassin's Creed Origins na 2017 yaro zai hau dala har ƙololuwa ya zamo ƙasa a kan farin dutse, PUBG ma da samarinmu suke kwana a kai a 2020 sun kawo dala mai tashi sama da gawa naɗe da likkafani da rigar fir'auna ta zinare da ake zuba kuɗi kamar hauka a saya. Duk Masar. Toh rana ɗaya yaro ɗan Gadarif ya buɗe gem ya ga an rubuta Meroe, ya ga mace baƙa da kambu a kanta, ya ga dalar da aka kaisu yawon makaranta, me kake so yace in ba ƙasarmu ba? A nan aka haife shi, a nan aka haifi ubansa da kakansa.

Kuma kar ka ɗauka iyayenmu sun ɗauki wajen da wata daraja. Haboba tawa, kakata ta wajen uba, Allah ya jiƙanta, in ta shigo ta same mu muna kallon Yugi sai ta ja tsaki tace a'uzubillahi, yanzu Fir'aunan da Allah ya halaka a ruwa shi kuka mayar abokin wasa. Da na gaya mata za a kaimu Bajrawiya daga jami'a cewa tayi me za ka yi a maƙabartar mutanen farko, wajen da aka ce in ka bi ta kai ka wuce da sauri kana kuka. Na yi ta mata bayani cewa waɗannan ba su ne mutanen Annabi Musa ba, tsakaninsu shekaru ne masu yawa, Meroe ta yi tashe ne daga wajen shekara 300 kafin Annabi Isa zuwa wajen 350 bayansa, tace duk kanwar ja ce. Amma fa ita ce ta soya min gyaɗa ta ƙulla min a leda na tafi da ita.

Wajen kansa lokacin da na je babu layi babu hayaniya, yashi ya cinye gindin wasu, yara masu raƙuma suna binka ka hau. Abin da zai baka haushi kawunansu ne, da yawa a guntule. Wani ɗan Italiya mai suna Ferlini ne a 1834 ya bi su yana rushewa daga sama yana neman zinare, ya kuma samu a dalar sarauniya Amanishakheto, kayan suna gidajen tarihi na Munich da Berlin a Jamus yanzu haka. A gem kam duk da tsininsu suke, sabbi fil. UNESCO ta saka wajen a jerinta a 2011.

Na ga wasu 'yan Najeriya suna yaɗa cewa ai Hausawa ne suka gina su, daga Nuba muka taso muka yi yamma. Ni dai tarihin gidanmu a fili yake kuma akasin haka ne, daga yamma muka zo gabas. Kakan babana daga ƙasar Haɗeja ya taso da ƙafa da jaki bayan turawa sun ci ƙasa, bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, lokacin da jama'a suka yi ta kwararowa da niyyar Makka. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, shi ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin yana nan da sarautarsa. Namu kakan ta Abeche da Jinaina da Fashir da Ubayyid ya biyo, yana tafiya yana tsayawa yayi noma ya samu guzuri, da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925 ya shiga cirar auduga, daga nan aka gangaro Gadarif noman dawa da riɗi. Shi ya samu ya sauke farali ya dawo nan, da yawa kuma ba su ma kai Sawakin, tashar jirgin ruwan da ake tsallakawa Jidda, ba ajali ya riske su. Ba mu gina dala ba, amma madatsar Sinnar da audugar Jazira da riɗin Gadarif akwai gumin iyayenmu a ciki, wannan kam ko maƙiyi ya sani. Mace ta farko da ta shahara da waƙa a rediyon Omdurman, A'isha Fallatiya, jininmu ce. Agashe da duk ɗan Sudan yake layi a kansa da yamma, tsirenku ne na gida.

Toh amma duk da haka sai an tambaye mu. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 cewa tayi sai in kakanninka suna ƙasar tun ƙarshen 1897, ka ga ai an san wa aka nufa. An sassauta daga baya amma halin bai fita daga kan wasu ma'aikata ba, ni da kaina a wani ofishi mutum ya kalli sunan ƙabilata a takarda yace na kawo shaidar kakana, alhali na gaba da ni ko kallon takardarsa ba a yi ba. Abin da ya faru a jihar Shuɗin Nilu a 2022, Rusairis da Wad al Mahi, da aka kashe ɗaruruwan mutane bayan Hausawa sun nemi a basu masarautarsu a tsarin gargajiya, ba zan shiga cikinsa ba, akwai danginmu a ciki. Shi yasa in wani daga Kano shi ma yace mana anya ku Hausawa ne, sai kaji abin ya haɗe maka, nan a ce maka Fallata, sunan da suke kiran mu 'yan asalin Afirka ta yamma, koma ƙasarku, can kuma a ce maka balarabe.

Maganar yare gaskiya ba zan ɓoye maka ba, ya danganta da inda aka tashi. Ƙauyukan Gadarif da Sinnar da bakin kogi Hausa ce zalla a gida da kasuwa, akwai tsofaffin mata da larabcinsu ma bai nuna ba har suka rasu. Yaran da suka tashi a Hartum kuwa suna ji amma in ka musu magana da Hausa da larabci za su amsa, wannan yana damuna nima. Muna cusa larabci a magana, eh, mu ce jabana mu ce rakasha mu ce mushkila, amma dan Allah ku fa? Ina kallon finafinanku na Kano, jimla ɗaya turanci uku. Boko kuma ba a koya mana a makaranta ba, da harafin larabci muka tashi, wannan rubutun da kake karantawa a Facebook da shafin BBC na koye shi da girmana, saboda haka in ka ga ya karkace ka yi haƙuri. Tuwo da miyar kuka suna nan, kisra, gurasar dawa ta 'yan Sudan, ma tana nan, ranar suna a yanka rago a yi wa jariri aski, matanmu su ɗaura tob irin na nan su fita biki amma a cikin gida ana guɗa ana kiɗan ƙwarya.

Aure shi ne wajen da yafi ciwo. Da can ba a ba mu, mu ma ba ma bayarwa, kar a ɗora wa larabawa laifin su kaɗai. Babana ya hana yayata wani ɗan Kasala mutumin kirki don kawai ba ya jin Hausa, yace da wane baki zai gaisa da surukai. Shi kuma ƙanina da ya nemi wata 'yar Mahas, asalin Nubawan arewa, 'yar ajinsu, sai da aka shekara ana kai ruwa rana, kawunta yace ba su san asalinmu ba, mu da muke iya ƙirga kakanni har Haɗeja. Ubanta ne ya tsaya, malamin makaranta ne, yace shi addini da hali ya gani. An yi jirtig irin nasu da jan kaya da turare da madara, an yi kamu irin namu, kowa ya ga abin da bai saba ba ya yi gulmarsa ya ci shinkafa ya tafi. Yaransu yanzu in ana musun gem su ne masu bakin magana, wai su ta wajen uwa jikokin Taharƙa ne, wanda ya mulki Masar ɗin kanta kuma dalarsa take Nuri, ta wajen uba kuma Hausawa, sai sauran yaran su ce musu toh ku fara iya gaisuwa da Hausa tukuna.

Shi wannan ɗan ƙanwar tawa da kuke wasa tare, ba a Sudan yake ba yanzu. Yaƙin da ya ɓarke 15 ga Afrilu 2023 ya fitar da su daga Hartum, suna unguwar Faisal a Giza inda 'yan Sudan suka cika, wato dai dalar da ya gama hawa a Assassin's Creed tana nan kusa da su. An kaishi ya gani, ya kira ni yana ƙorafi wai an hana hawa, kuma babu farin dutsen nan mai santsi, kuma Abul Haul ya fi ƙanƙanta a kan yadda ya zata. Uwarsa kuma abin da ke ranta daban, gidan tarihi na ƙasa da ke Hartum inda aka taɓa kaisu suka ga gumakan sarakunan Kush, wato daular da ta gina dalolin nan, an wawashe shi a yaƙin nan, gidansu ma haka.

Kuma tunda Hausancinsa kake tuhuma, tambaye shi wa yake ɗauka a Civilization VII da ya fito 2025. Amina ta Zazzau suka saka a ciki, kuma a wannan sabon ba a ɗaure shugaba da ƙasa ɗaya ba, kana iya ɗaukar Amina ka bata Masar ko Aksum ta mulka. Shi Masar yake bata, ya gina dalar Giza da sunanta, a shagon gem na wani bamisire yake bugawa yana musu bayanin wacece ita da ɗan abin da ya ji a bakin uwarsa, wanda bai wuce ta yi yaƙi ta gina ganuwa ba. Ya dame ni da tambayar ko ganuwar tana nan har yanzu kuma wane tsayi gareta, ni kuma ban taɓa taka Najeriya ba. In hanya ta bi da kai Zariya ko Turunku dan Allah ka ɗauko masa hoto ka tura masa, ka rubuta masa bayanin da Hausa, in ya amsa da larabci kar ka kula shi har sai ya juya.