Yadda ake auna makamashin feshin ƙwayoyi a na'urar gano nutirino

Ka tambayi yadda ake sanin makamashin nutirino, ƙwayar zarra marar cajin lantarki, alhali ba ya barin sawu. Abin da ya haifar ake aunawa. A FASER, wata na'urar gwaji da ke mita 480 daga babbar na'urar ATLAS a cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta CERN, an jera farantan tungsten (wani ƙarfe mai nauyi) da fim mai ɗaukar sawun ƙwayoyi. Idan nutirino ya bugi tungsten ya fitar da ilektiron, ilektiron ɗin kuma sai ya yi ta haifar da wasu ƙwayoyi, feshin ya yi kauri, sannan ya lafa. Ana ƙirga sawayen wurin da ya fi kauri, yawansu na tafiya da makamashin.

Kada ka manta da cire sawayen muwon (ƙwayoyi masu kama da ilektiron amma sun fi nauyi) da suka ratsa fim ɗin daga waje, in ba haka ba lissafinka zai haura. Feshin hadron (ƙwayoyi irin su furoton) ya fi wahalar aunawa, yakan zarce na'urar. Nan kam tuntuɓi masu daidaita na'ura ta amfani da ƙwayoyin gwaji.