Amsa: Rediyon gari bai gama aiki ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gidajen rediyo masu zaman kansu na da sauran amfani a Maradi, tunda kowa na da WhatsApp a hannu. Ni dai na ce suna da shi, sosai ma.

Ka fara duba waɗanda ke ƙauye. Mahaifiyata tana can wajen Madarounfa, ba ta karanta Faransanci, wayarta kuma ta kira ce kawai. Amma ƴar rediyonta mai batir tana rataye a jikin zana tun asuba, tana surfe tana saurare. Ta nan take jin nawa tiyar gero da ta wake suke a kasuwa, da ranar da masu allurar rigakafi za su zo, da sanarwar rasuwa. Ranar da ɗan maƙwabcinmu ya ɓace a babbar kasuwa, cigiya aka kai rediyo, kafin la'asar wani mai shayi ya kawo shi.

Kafin taron ƙasa na 1991, Muryar Sahel ta gwamnati ce kaɗai tashar rediyo a ƙasar nan ta Nijar. Da tashoshi masu zaman kansu irin su Anfani da Saraounia suka buɗe, sai talaka ya samu inda zai buga waya ya yi ƙorafi kan ruwan famfo ko lalacewar hanya, magajin gari kuma yana ji.

Ga kuma batun jita-jita. Saƙon murya a WhatsApp ba ka san wanda ya ƙirƙiro shi ba. Mai gabatar da shiri kuwa muna haɗuwa da shi a masallacin Juma'a, in ya faɗi ƙarya mun san ƙofar gidansu.