Kun tambaya, mun amsa: na'urorin awon jini na gida da na asibiti

Assalamu alaikum. Ina da ciwon suga. Wata safiya kafin in karya, na'urata ta gida ta nuna 158. Na je labo a wannan safiyar, takarda ta fito da 1,42. Wanne zan gaskata?
Wata mai karatu daga Garwa

Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Fara da kwantar da hankali, don lambobin nan biyu ba su yi nisa da juna ba. Ɗakunan gwaji, wato labo, a Kamaru da Cadi sun fi rubuta suga da g/L, na'urorin gida kuma galibi da mg/dL suke ƙirga. Idan kika ninka 1,42 sau 100, ya zama 142 a ma'aunin na'urarki. Ke nan tazarar 16 ce kacal. Ƙa'idar duniya ta 2013 da ake auna ingancin waɗannan na'urori da ita ta yarda a samu bambancin da bai wuce kashi 15 cikin ɗari ba idan suga ya kai 100 zuwa sama. Taki tana cikin iyaka. Wasu na'urorin da ake shigowa da su kuma mmol/L suke nunawa. Mai irin wannan sai ya ninka lambar sau 18 don ta koma mg/dL.

Aikin gaba ɗaya a bakin tsinken gwajin yake, wato ɗan siririn abin nan da ake sa wa ɗigon jini. An shafa masa wani sinadari mai haɗuwa da sugan da ke cikin jini, haɗuwar ta haifar da ɗan lantarki, na'urar ta auna ƙarfinsa ta mayar da shi lamba. Dabarar ta samo asali ne daga aikin Leland Clark da Champ Lyons a Amurka a 1962. Wannan sinadari ba ya jure zafi da laima. Yawancin kwalaye an rubuta a jikinsu kada a ajiye su inda zafi ya wuce digiri 30, alhali ke kin san Garwa a watan Maris da Afrilu, sai ta haura 40. Gwangwanin da ya wuni cikin mota, ko a bakin taga, ko a rumfar kasuwa ƙarƙashin kwano, ba abin dogaro ba ne ko da kwanan lalacewarsa bai zo ba. A sa shi a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da murhu, a rufe murfin da zarar an zari tsinke ɗaya, domin a cikin gwangwanin akwai abin tsotse laima. Kada a juye tsinkayen cikin leda ko wata roba.

Sai hannu. Wanda ya taɓa mangwaro, dabino ko rake, ya soki yatsa bai wanke ba, sugan da ke fatarsa zai auna, har lambar ta firgita shi ya ƙara magani ba gaira ba dalili. Ki wanke da sabulu, ki bari ya bushe sarai. In da alkol kika goge, shi ma ki jira ya bushe. Ki soki gefen kan yatsa, can ya fi sauƙin zafi, kuma kada ki matse shi kamar mai tatsar nono, don ruwan tsoka zai gauraya da jinin ya tsinka shi. Mai ƙarancin jini kuma, na'urori da yawa kan ba shi lamba sama da ta gaskiya.

Labo ma yana iya kuskure, kuma mutane ba su cika sanin wannan ba. Ƙwayoyin jinin da ke cikin kwalba suna ci gaba da cin sugan, yana raguwa da kusan kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari kowace awa idan ba a raba su da ruwan jinin da wuri ba. Shi ya sa ake ɗibar jinin suga a kwalba mai murfi ruwan toka, wadda aka sa wa sinadarin da ke rage wannan cin. In kina son gwada na'urarki, ki tafi da ita labo, ki soki yatsa a daidai lokacin da ake ɗibar miki jini, sannan ki kwatanta.

Malamai, ɗana ya shanye maganin zazzaɓin cizon sauro na kwana uku, ya warke. Bayan mako biyu aka sake yi masa gwajin gaggawa, layi biyu suka fito. Maganin ne bai yi aiki ba?
Wani mahaifi daga Kusuri

Ba lallai ba ne, Malam. Gwajin da ma'aikatan lafiya ke kira TDR ba ƙwayar cutar yake gani ba. Yawancin waɗanda ake amfani da su a yankinmu wani furotin suke nema mai suna HRP2, wanda ƙwayar ke zubarwa cikin jini, kuma yakan yi makonni a jiki bayan ita ƙwayar ta mutu. Idan yaro yana ci yana wasa, babu zazzaɓi, layin nan shi kaɗai ba hujjar sake ba shi magani ba ne. Idan zazzaɓi ya dawo, a shafa jini a gilashi, a rina shi, a duba da madubin likita. Nan ake ganin ƙwayar ido da ido, har a ƙirga yawanta. A kuma bincika ko wata cutar ce dabam.

Ga masu yin gwajin: jinin da ake buƙata ɗan mitsitsi ne, kimanin mikrolita 5, in ya yi yawa sai ya rine wurin karatu ya ɓoye siririn layi. Ruwan da ya zo cikin kwalin kaɗai ake ɗigawa, ba na wani kwali ba, balle ruwan famfo. A karanta a lokacin da takardar ta ce, galibi minti 15 zuwa 20. Layin da ya bayyana bayan awa guda ba a ƙirga shi. In layin C, wanda ke nuna cewa gwajin ya yi aiki, bai fito ba, gwajin ya lalace, a sake sabo.

Tun lokacin korona muke da abin nan da ake maƙalawa a yatsa. Matata tana da juna biyu, tana yawan jin jiri, idonta ya yi fari, amma yana nuna 98. Ashe jininta ya isa?
Wani magidanci daga Njamena

Alhaji, don Allah kada lambar nan ta hana ka kai ta awo. Wannan na'ura, wadda Takuo Aoyagi ɗan ƙasar Japan ya gano dabararta a 1972, tana haska haske iri biyu ne ta cikin yatsa, ja da wani wanda ido ba ya gani, ta faɗi kashi nawa na jan sinadarin jini ke ɗauke da oksijin. Yawan jinin kansa ba ta san shi ba. Tulu uku cike da ruwa da tulu goma cike da ruwa, duk "cike" za ta ce. Mace na iya rasa rabin jininta na'urar tana nuna 98.

Tana da wasu raunin kuma. Baƙin lalle, jan farce da yatsa mai sanyi suna rikita ta. Wanda ya shaƙi hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, takan ba shi lamba mai kyau alhali guba ta cika jininsa. Wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna cewa tana kasa gano ƙarancin oksijin a baƙar fata kusan ninki uku fiye da a farar fata. Saboda haka mai haki ko nishi a kai shi asibiti ko me ta nuna, haka ma duk wanda lambarsa ta sauka ƙasa da 90.

Abin da maiɗakinka ke buƙata awon hemoglobin ne, wato yawan jan sinadarin jinin nan, kuma da ɗigo guda daga yatsa ake yin sa cikin ɗan lokaci a cibiyoyin lafiya da dama. Ga mai ciki, ƙasa da 11 g/dL ƙarancin jini ne, ƙasa da 7 kuma mai tsanani ne da ke buƙatar kulawar gaggawa. Ka kai ta yau ko gobe, ka roƙi a haɗa mata da gwajin zazzaɓin cizon sauro, don yana cikin manyan abubuwan da ke cinye jinin masu ciki a nan. Allah ya raba lafiya.