Wata 8 Ina Kasaru a Ƙauyen Masunta: Har Yanzu Ni Matafiyi Ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ni mutumin Kano ne, iyalina suna Gwammaja. Kamfanin da nake wa aiki ya turo ni haɗa wutar sola da ɗakin sanyaya kifi a wani ɗan ƙauyen masunta da ke bakin teku, yamma da Takoradi a ƙasar Gana. Yau wata 8 ke nan. Tun zuwana kasaru nake yi, domin ban san ranar da aikin zai ƙare ba, kuma na ji karatun wani malami da ya ce muddin mutum bai mayar da wuri garinsa ba, matafiyi ne ko da zai shekara. Na kama ɗaki, na biya hayar shekara guda, domin kuɗin shekara masu gida ke karɓa a nan. Musulmin ƙauyen ba mu kai 10 ba, masallacin Juma'a sai a zangon wani gari, tafiyar kusan awa ɗaya a mota. Abincinmu kusan duk na teku ne: kaguwa, jatan lande, da wasu halittun da ban san sunansu ba. Idan famfo ya ɗauke nakan yi alwala da ruwan teku. Malam, mene ne matsayin sallolina da sauran abubuwan nan?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu. Allah ya yi wa nemanka albarka, ya mayar da kai gida lafiya.

Ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, alwalarka da wankanka sun yi. Kaguwa da jatan lande da sauran abin da taru ya kamo halal ne a wurin Imamu Malik, ko ka san sunansu ko ba ka sani ba. Ka ci da bismilla.

Ɗana, maganar hayar nan ita ce ta tsayar da ni. Ka ce ba ka san ranar tafiyarka ba, a wasiƙa ɗaya kuma ka ce ka biya kuɗin ɗaki na shekara. Rashin sanin ranar tafiya daban, sanin cewa ba za ka tafi cikin kwana 4 ba daban, kuma a kan na biyun hukunci yake rataye. Ranar da ka miƙa wa mai gida kuɗin nan, ka san jibi ba za ka kama hanyar Kano ba. Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana 4 a wuri, ko abin da zai kai salloli 20, zai cika salla. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna kusa da wannan, Hanafiyya suka ce kwana 15. Duk ma'aunin da ka ɗauka cikin huɗun nan, ka daɗe da wuce shi. Kai mazauni ne. Daga sallar da za ta riske ka bayan ka karanta wannan, azahar da la'asar da isha'i raka'a huɗu-huɗu.

Maganar da ka ji ba ƙirƙirar mai karatun ba ce. Ra'ayi ne na Shaihul Islam Ibnu Taimiyya, wasu malaman zamanin nan suka bi shi a kai, kuma muna girmama su. Amma ban ga hujjojinsu sun kai inda ake son kai su ba. Suna kafa hujja da cewa Manzon Allah (SAW) ya zauna Makka kwana 19 a shekarar buɗe ta yana kasaru, ya zauna Tabuka kwana 20 yana kasaru, Abdullahi ɗan Umar kuma ya yi wata 6 a Azarbaijan yana raka'a biyu. Duk an ruwaito su. To amma dubi halin da aka yi zaman. A Makka ana cikin shirin yaƙi da ƙabilar Hawazin ne, daga nan aka wuce Hunaini. A Tabuka runduna ce ta yi sansani tana sauraron motsin Rumawa, ba wanda ya san gobe za a tashi ko za a kwana. Ɗan Umar kuwa ƙanƙara ce ta toshe musu hanya, da ta buɗe da sun wuce. Waɗannan mutane ne da kowace safiya suke cewa yau ko gobe. Malamanmu ma sun yarda cewa mai irin wannan zama zai ci gaba da kasaru ko da ya daɗe. Wanda motarsa ta lalace a Aflawo, bakin iyakar Gana da Togo, yana jiran kayan gyara kullum ana ce masa gobe, shi ne ɗan'uwan Ɗan Umar. Kai kuwa kana da makulli a aljihu, da katifa, da mai sayar maka da dokunu (tuwon masara na Gana) da ta san adadin da kake saya.

Suna kuma cewa ƙayyade kwana 4 ba shi da nassi. Yana da madogara. A hadisin Ala'u ɗan Hadrami, wanda Buhari da Muslim suka fitar, an yi wa Muhajirai izinin zama a Makka kwana 3 kacal bayan gama aikin hajji, saboda an hana su komawa zama a garin da suka bari don Allah. Ka ga kwana 3 bai fitar da mutum daga sunan matafiyi ba, abin da ya haura shi ne zama. A Muwaɗɗa kuma Sa'idu ɗan Musayyib ya ce wanda ya ƙudurta zaman dare 4 ya cika salla, Malik ya ce wannan shi ne mafi soyuwar abin da ya ji. Sannan ka yi tunani a kan inda ɗaya ra'ayin yake kai mutum. Ɗalibin da ya je karatun shekara 6 a waje, da ɗan kasuwar da ya yi shekara 20 a Kumasi yana cewa wata rana zai koma gida, duk za su zama matafiya. Zangunan Gana da kake gani asalinsu fatake ne, cikinsu har da kakanninmu masu fataucin goro zuwa Gwanja. Da yawansu da niyyar komawa suka sauka, har aka binne su a can. Wa zai ce rayuwarsu duka tafiya ce? An saukar da kasaru don rage wa mai tafiya wahala, kuma asalin salla a cika ta. Wanda ya cika, sallarsa ta inganta a wurin jumhurun malamai, wanda ya yi kasaru a irin halinka kuwa mazhabobin nan huɗu ba su yarda masa ba. Me zai sa ka ɗora sallar wata da watanni a kan abin da ake jayayya?

Sallolin da suka wuce, tunda ka yi su ne bisa fatawar da ka amince da mai ita, ba don wasa da addini ba, ban umarce ka da ramuwa ba. Amma ban ji ka ambaci azumi ba. Idan Ramadan ya same ka a can ka sha da sunan tafiya, ka ƙirga kwanakin ka rama su tun kafin wani ya zagayo.

Juma'a ba ta wajaba a kanka ba a wannan nisan, domin iyakar wajabcinta mil 3 ne, kusan kilomita 5 zuwa 6. Ku ma ba za ku tsayar da ita a ƙauyen ba, Malikiyya sai da mazaje 12 'yan gari ban da liman. Duk da haka ina roƙonka ka riƙa shiga mota kana zuwa zangon nan, ko da sau biyu a wata. Za ka ji huɗuba, za ka ji Hausa, kuma liman zai san da zamanka. Baƙon da ba wanda ya san shi a masallaci, in ya kwanta ciwo ko ta Allah ta kasance, wa zai tsaya masa? Ku 'yan kaɗan ɗin nan kuma ku samu ko rumfa ce ku riƙa jam'i, wani ya yi kiran salla.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa. Masuntan gaɓar nan ba sa shiga teku ranar Talata, kuma suna da bukukuwan da ake zuba giya a ƙasa, a yi yanka don abin da suke bauta wa. Hutun Talata ba ruwanka da shi, ka huta in an huta. Naman da aka yanka don wanin Allah kuwa haramun ne ko da maƙwabcinka na kirki ne ya kawo maka, ka ba shi haƙuri da fuska a sake. Haka bammi, kada ka bari a ce maka ai ruwan itace ne. Kunkurun teku halal ne a fiƙihunmu, amma dokar Gana ta hana kama shi, kai kuma da izinin hukumarsu ka shiga ƙasar, sai ka kiyaye. A wajen wannan, ka zauna da mutanen nan lafiya: ka gaishe su, ka duba marar lafiyarsu, ka biya leburorinka a kan lokaci. Wataƙila wasunsu ba su taɓa zama da Bahaushe kusa haka ba.

Sai iyalinka. Wata 8 ba kwana 8 ba ne ga matar aure. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hana a riƙe mayaƙa nesa da matansu fiye da wata 6, su da suke fagen jihadi. Tura kuɗin cefane da kiran waya ba su sauke maka wannan haƙƙin ba. Ka nemi hutu a wurin aiki ka zo, ko ka shirya ɗaukar ta in wurin zai zaunu, in kuma duka sun gagara ka nemi yardarta da bakinka. Wannan kariya ce gare ka kai ma, domin kaɗaici a bakin teku, inda tufafin mutane da al'adunsu ba irin na gida ba ne, yana cin zuciyar namiji a hankali. Idan ka shigo Kano ka neme ni bayan karatun magariba mu ƙarasa maganar azumin.

Wallahu a'alam.