Amsa: ƙwallo ta bugi hannun mai bugu, mene ne hukunci?

Ɗan'uwa, ka tambaya game da alƙalin wasan besbol da ya ce hannu ɓangare ne na sanda, don haka ƙwallon da ta bugi yatsun mai bugu kamar ta taɓa sanda ce. Wannan magana ba ta da tushe ko kaɗan, ko da yake ta yaɗu a tsakanin sababbin alƙalai har a Amurka. Duba doka ta 5.05(b)(2) a kundin dokokin MLB, babbar gasar ƙwararrun besbol ta Amurka da Kanada. Hannu jiki ne. Da ƙwallon da aka jefo wa mai bugu ta same shi, wasa ya tsaya nan take.

Sai alƙali ya duba abin da mai bugun ya yi. In bai kai bugu ba, kuma ya yi ƙoƙarin kaucewa, sai a ba shi damar tafiya tasha ta farko, wato ta farko cikin tashoshin da ɗan wasa ke zagayawa don ya ci maki. In ya kai bugu ƙwallon ta daki hannunsa, sitirak ne, wato kuskuren bugu da ake ƙirga masa, in kuma na uku ne damarsa ta bugu ta ƙare. Haka ma in ƙwallon ta sami hannun a cikin yankin sitirak, wato sararin da ke gabansa tsakanin gwiwa da ƙirji inda ake son ƙwallo ta bi.

Abin da ke damuna shi ne yaro yana riƙe da yatsa a kumbure, ana ce masa ya ruga don wai ƙwallo tana cikin wasa. Don Allah ka nuna wa alƙalin naku dokar kafin wasa na gaba.