Moton injin wanki yana ta ƙonewa

Malam, ka ce moton injin wankinku na Agege ya sake ƙonewa bayan an naɗa masa sabon koyil, wato wayar da ake naɗawa a cikin moto, to ni dai wutar nake zargi. Injin mai layi uku ne, wato wayoyin wuta uku ke ba shi lantarki, da layi ɗaya ya ɗauke sauran biyun ke shan nauyin, moto ya yi ta gurnani yana zafi har ka jiyo ƙaurin koyil. Don Allah a saka rile mai yanke wuta in layi ya faɗi, da obalod, wato na'urar da ke kashe moto in ya ja wuta fiye da ƙima, a saita shi daidai da amfiyar (yawan wutar da moton ke ja) da ke rubuce a jikin moton. A duba boris da sil ma, wato robar da ke tare ruwa, in ta lalace ta nan ruwa ke ɗiga. Kuma yaranka su daina cusa kaya fiye da kilon injin.